Ɗana ya tambaye ni shawarar wa nake ji, na rufe Littafi na tashi

Wasiƙar wannan mako daga wani magidanci ce da ke Tudun Wada, cikin Jos. Ga abin da ya rubuto, na ɗan taƙaita:

"Baba, salama. Ni ma'aikacin gwamnati ne, 'ya'yana uku: namiji mai shekara 14, mace mai shekara 11, sai auta ɗan shekara 6. Kusan shekara biyu ke nan muna sujadar iyali kowane dare bayan an ci tuwo. A watan jiya na ɗauko darussa a kan shawara da shugabanci, don na ga babban ya fara jin maganar abokai fiye da tawa. Na karanta musu labarin Rehobowam, na ce su dubi abin da ƙin jin maganar manya ya jawo masa. Sai yaron ya ce, 'Baba, ai Rehobowam shi ne mai gida. Kai fa, shawarar wa kake ji? Mama ta ce kada ka zuba kuɗin nan, ka zuba.' Gaskiya ne, bara na sa kuɗin makarantarsu a wata harkar intanet da aka ce tana ninka kuɗi. Uwarsu ta hana ni, ban ji ba, kuɗin suka tafi, har aka koro yaran gida na mako biyu. Raina ya ɓaci, na daka masa tsawa, na rufe Littafi, kowa ya tashi ba addu'a. Yau mako uku ke nan yana zama a sujada amma ba ya buɗe baki. Uwarsu ta ce in ba shi haƙuri, ni kuwa ina tsoron raini. Yaya zan ci gaba da darussan nan?"

Ɗan'uwana, salamar Ubangiji ta tabbata a gidanka. Sannu da ƙoƙari. Shekara biyu ana tara yara kowane dare, ga gajiyar aiki, ga ɗauke wuta, ga sanyin Jos da ke sa kowa neman bargo tun ƙarfe takwas, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Gidaje da yawa sun fara a watan Janairu, kafin Ista sun bari. Kada abin da ya faru ya sa ka ajiye.

To amma tunda ka tambaye ni, ba zan ɓoye maka ba. A daren nan yaronka ya fi ka fahimtar nassin da ka buɗe. Labarin yana 1 Sarakuna 12. Ka juya gaba kaɗan zuwa 14:21, za ka ga Rehobowam ɗan Sarki Sulemanu yana da shekara 41 sa'ad da ya hau gadon sarauta. Ƙila ma sa'anka ne. Waɗanda ake kira samari a labarin kuwa, da ya bi shawararsu ya bar ta dattawa, nassin ya ce waɗanda suka yi girma tare da shi ne, abokan wasan ƙasa, su ma magidanta ne. Mu masu koyarwa a makarantar Lahadi mun daɗe muna zana Rehobowam kamar wani ɗan sakandare mai taurin kai, domin hakan ya fi mana sauƙin faɗa wa yara. Ni ma shekaru da yawa haka na koyar da shi, kuma ina baƙin cikin hakan. Labarin na mai riƙe da iko ne, wanda wuyan jama'a ke hannunsa.

Ka tuna abin da jama'a suka kawo masa a Shekem. Sulemanu ya yi shekara 7 yana gina Haikali, ya yi shekara 13 yana gina fādarsa. Ya ɗebi mutum 30,000 aikin tilas, ana tura 10,000 Lebanon kowane wata, mutum ya yi wata ɗaya can, wata biyu a gida. Mutane sun gaji tilis. Roƙo suka kawo wa sabon sarki: ka rage mana nauyin karkiyar mahaifinka, mu kuwa mu bauta maka. Ya ce su ba shi kwana uku. Har nan bai yi laifi ba, hasali ma ya yi abin da shugabanni da yawa ba sa iya yi, ya dakata kafin ya amsa.

Yanzu dubi abin da dattawan suka ce masa a sura 12 aya ta 7, don nan ne cibiyar darasin. Ba su ce masa ka ji maganarmu tunda mun girme ka ba. Cewa suka yi, in yau ka zama bara ga mutanen nan, ka yi musu hidima, ka ba su amsa mai daɗi, za su zama bayinka har abada. Wato duk shawarar dattawan ita ce ya saurari na ƙasa da shi. Kai kuwa ka ɗauki labarin da aka rubuta domin mai kujera, ka juya bakinsa ga na zaune a tabarma. Da ɗanka ya kawo kukansa, sai ya sami irin amsar da jama'a suka samu a rana ta uku, amsar da sarki ya ce mahaifinsa ya hore su da bulala, shi kuwa zai hore su da kunamai. Na san maganar nan da zafi. Na daɗe ina juya ta kafin in rubuta, ban kuma sami wata hanyar faɗinta da za ta zama gaskiya ba.

Akwai wata 'yar aya da ake yawan tsallakewa, aya ta 8. Ta ce ya yi watsi da shawarar dattawa, sa'an nan ya nemi ta samarin. Ka lura da jerin abin. Tun kafin abokansa su buɗe baki ya riga ya yar da ta farko. Masu ce masa "haka ne, ranka ya daɗe" ya je nema, ya kuwa same su. Bahaushe ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma wannan sarkin da hannunsa ya zaɓi fadawansa. Ka tambayi kanka kai kaɗai: ranar da ka gaya wa Maman yara zancen kuɗin nan, shawara ka nema, ko sanarwa ka yi? Bayan ta ce a'a, wa ka kira a waya? Da alama wani ka kira wanda ka san zai ce ka zuba.

Wani abu kuma da yake hana ni barci a labarin nan shi ne gidan da Rehobowam ya tashi. Mahaifinsa ya yi karin magana 3,000 da waƙoƙi 1,005, har sarauniyar Sheba ta yi tattaki don ta ji hikimarsa. Ba yaron da ya sha wa'azin hikima a gida kamar wannan. Amma ya kuma ga yadda mahaifin nasa yake da ma'aikata, ya ga yadda ya bar zuciyarsa ta karkace da tsufa. Da ranar gwaji ta zo, abin da ya gani ya yi. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Ɗanka ma kallonka yake yi yana auna zurfin.

Ba ina cewa yaron bai yi kuskure ba. Tona asirin uba a gaban ƙanne ba ladabi ba ne, kuma dole a gaya masa. Sai dai wannan magana ce ta biyu, ba za ta shiga kunnensa ba sai an gama ta farko. Ka tuna shi aka kira sunansa a gaban 'yan ajinsu aka ce ya ɗauki jakarsa. Shi ya yi mako biyu a gida yana ganin 'yan unguwa na wucewa da kayan makaranta. Ɗan shekara 14 ba ya manta irin wannan kunya. Shekara guda yana ɗauke da ita a ciki, ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa ga abin da ya faru. Da ka zo kana wa'azin jin shawara, sai miki ya fashe. Ni ban ji raini a tambayarsa ba, ciwo na ji. Na kuma ji yaron da ya ɗauki Maganar Allah da gaske har yana auna gidansu da ita, abin da ka yi shekara biyu kana roƙon Allah ya ba ka.

Batun tsoron raini, bari in ba ka nawa labarin. Shekarun baya ina koyarwa a wata makaranta wajen Bokkos, na haɗa kuɗina da na adashen matata na sayi dankalin turawa buhu 12, in ajiye sai ya yi tsada. Ta ce mini ɗakin da zan zuba yana da laima, ga shi dankalin damina ne, ba zai jure ba. Ita 'yar manoma ce, tun tana ƙarama take tonon dankali. Na ce mata na riga na yi lissafi. Bayan 'yan makonni wari ne ya fara ba mu labari. Muka buɗe ɗakin, ga baƙin ruwa yana tsiyaya ta gindin buhuna, in ka sa hannu sai yatsa ya nutse. Ita ta tsuguna tana tsince na kirki tana zubawa a daro, ba ta ce mini uffan ba, shirun nan kuwa ya fi mini zagi ciwo. Kirsimetin shekarar yaranmu ba su sa sabon kaya ba. Na yi wata biyu ina ɗora laifi a kan ruwan sama da kan wanda ya sayar mini. Ranar da na iya buɗe baki a sujada na ce, "Mamanku ta gaya mini, ban ji ba, laifina ne, ku gafarta mini," sai da muryata ta yi rawa. Ban ga raini ba bayan haka. Abin da na gani shi ne yaran suka fara kawo mini nasu kurakuran da kansu, tun kafin in ji a waje. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ɗan da ka haifa.

Ka fara da uwarsu, ku biyu a ɗaki. A wasiƙarka ka ce ta hana ka ba ka ji ba, amma ba ka ce ka taɓa ba ta haƙuri ba. In ba ka yi ba, bashi ne a kanka, kuma ka ga yanzu ma ta sake ba ka shawara kana neman tsallake ta ka zo wurina. Ita ta riga ni faɗin gaskiya, ni maimaitawa kawai nake yi. Bayan ita sai yaron, shi kaɗai, ba a falo ba. Ka ɗauke shi ku fita, ko rakiya ce zuwa Taminus sayen wani abu, domin yaro namiji ya fi iya magana in kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba ido cikin ido ba. Ka ce masa tambayarsa daidai ce, tsawarka ce ba daidai ba, kuɗin ma laifinka ne. Kada ka liƙa "amma" a wutsiyar maganar. In ya huce, ko washegari, ka nuna masa yadda ake gaya wa babba gaskiya: a keɓe, da murya ƙasa, a lokacin da ya dace. Yetro ma, surukin Musa, sai da ya zauna ya ga aikin Musa na yini guda, ya yi tambaya, kafin ya ce abin nan da kake yi ba shi da kyau. Daga nan sai ka faɗa a gaban kowa, a wurin da ka yi tsawar, don ƙannen ma sun gani. Gajeruwar magana ta isa. Afisawa 6 da muke son karanta wa yara aya ta 1, tana da aya ta 4 da ta ce ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Ka karanta su tare a daren.

Sa'an nan ka koma 1 Sarakuna 12, don ba ku gama surar ba. Yawancinmu muna tsayawa inda aka jajjefi Adoniram, shugaban aikin tilas, sarki ya haye karusa ya gudu Urushalima, kabilu goma suka ɓalle. Amma daga aya ta 21 zuwa 24 akwai abin da kake bukata. Rehobowam ya tara mayaƙa 180,000 daga Yahuza da Biliyaminu zai je ya dawo da mulki da takobi. Sai Shemaiya, mutumin Allah, ya zo da saƙo cewa kada su yaƙi 'yan'uwansu, kowa ya koma gida. Suka kuwa ji, suka koma. Mutumin da ya ƙi ji a Shekem, wannan karon ya ji, jinin dubban mutane bai zuba ba. Abin da ya ɓace bai dawo ba, kamar yadda kuɗinka ba za su dawo ba, amma an tsai da ɓarnar inda take. Ka ba babban ya karanta waɗannan ayoyi huɗu.

Game da sauran darussan, ga yadda nake gani. Kada ka bar yara su fita da cewa shawarar tsoho kullum ita ce daidai, ta yaro kullum kuskure. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba, kuma ranar da wani babba mai mugun nufi zai ja ɗiyarka gefe ya ce ta ji maganar manya, wannan koyarwar za ta cuce ta. Ka kai su 2 Sarakuna 5. Na'aman shugaban sojojin Suriya ne, ga kuturta. Wa ya fara nuna masa hanya? Wata 'yar yarinya da aka kamo daga Isra'ila, baiwar matarsa, ko sunanta ba a rubuta ba. Da annabi Elisha ya aiko masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Urdun, ya fusata, ya ce kogunan Dimashƙu, Abana da Farfar, sun fi. Barorinsa ne suka matso suka lallashe shi, suka ce da abu mai wuya aka ce ka yi ai da ka yi. Sau biyu na ƙasa da shi suka cece shi, girmansa kuwa shi ne ya ji. Wannan labari auta zai so shi ƙwarai. Ka sa shi ya zama Na'aman, ya tsuguna ya miƙe sau bakwai kuna ƙirgawa da ƙarfi, yayarsa ta zama 'yar baiwar. Ɗan shekara 6 da jikinsa yake koyo.

Wani dare kuma 1 Sama'ila 25. Dawuda ya ɗaura takobi da mutum wajen 400 zai je ya hallaka gidan Nabal saboda baƙar magana. Abigiyel matar Nabal ta tare shi a hanya da gurasa 200 da tumaki biyar gyararru da sauran kaya a kan jakuna, ta yi masa magana har ya sauko, ya kuma yabi Allah da ya aiko ta, ya yabi hankalinta. Ka bar ɗiyarka ta karanta jawabin Abigiyel, ta ji da bakinta yadda mace ta tsai da mayaƙa. Kai kuma ka tsaya a aya ta 17, inda baran gidan ya kai ƙara wurin uwargida, ya ce maigidan nasu mutum ne da ba mai iya yi masa magana. Wannan ita ce shaidar da ma'aikacin Nabal ya yi masa. Ka tambayi yaran, a cikin mutanen nan biyu masu fushi, me ya raba Dawuda da Nabal? Ka yi shiru ka bar su su nemo.

Damuwarka ta asali ita ce abokan babban, kuma damuwa ce mai tushe. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, Karin Magana 13:20 ma haka ta ce da nata kalmomin. Amma labarin da zan ba ka dominsa na Yowash ne, a 2 Tarihi 24. Ya zama sarki yana ɗan shekara 7, ya yi abin da ke daidai muddin Yehoyada firist yana da rai. Yehoyada ya rasu yana da shekara 130. Sai shugabannin Yahuza suka zo suka rusuna wa sarki, ya kuwa saurare su, aka bar Haikali aka koma gumaka. Da Zakariya ɗan Yehoyada ya tsawata, Yowash ya sa aka jajjefe shi a farfajiyar Haikali, ɗan mutumin da ya rene shi. Yowash ya iya biyayya, amma bai taɓa koyon tantance murya da murya ba. Wanda ya fi kusa da kunnensa shi yake bi. In abin da kake koya wa ɗanka shi ne "ka ji maganata" kawai, to nan da shekara huɗu zai tafi jami'a, ko nan Jos ko wani gari, ka zama ba ka kusa da kunnen. Tun yanzu ma wayar da ke hannun abokinsa tana ba shi shawara fiye da kai: masu TikTok da ke cewa karatu ɓata lokaci ne, masu tallan cacar ƙwallo, masu alkawarin kuɗin dare ɗaya. Ba za ka iya toshe duka ba. Ma'auni za ka sa masa a hannu.

Ma'aunin yana nan a Fitowa 18:21, inda Yetro ya gaya wa Musa irin mutanen da zai naɗa a kan dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma: masu iyawa, masu tsoron Allah, masu gaskiya, masu ƙin rashawa. Ka mai da su tambayoyin da yaro zai iya riƙewa. Wannan mai ba ni shawara, ya san abin da yake faɗa? Yana tsoron Allah in ba mai ganinsa? Ya taɓa gaya mini abin da ba na so in ji? Me zai samu in na bi maganarsa? A nan ne asararka za ta zama abin koyarwa mafi tsada a gidanka. Ka ɗauki harkar da ta cinye kuɗin ku auna ta tare da yaran. Galibin irin waɗannan harkoki, wanda ya jawo ka yana da kaso a kan kowane mutum da ya kawo, kuma da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, har ranar da sababbi suka ƙare. Haka MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, bayanta kuma an yi wasu da sababbin sunaye. Maman yara fa, me za ta samu da ta ce kada ka zuba? Ba komai, sai ɓacin ranka. Ka bar yaran su faɗi wannan da bakinsu.

Kuma yawan masu faɗa ba hujja ba ne, domin "ai kowa na yi" ita ce babbar hujjar ɗan sakandare. 'Yan leƙen asiri goma sun ce ba za a iya shiga Kan'ana ba, Joshuwa da Kalibu kaɗai suka ce za a iya. Annabawa wajen 400 sun ce wa Sarki Ahab ya tafi yaƙi zai yi nasara, Mikaiya kaɗai ya ce a'a, Ahab kuwa da bakinsa ya ce yana ƙinsa don ba ya faɗa masa alheri. Daren kowanne daban, kada ka haɗa.

Abin da zai sa duk wannan ya zauna shi ne yara su ga ana shawara a gidan, ba a Littafi kaɗai ba. Kakanninmu sun ce shawara ɗaukar ɗaki ce. Yaran birni ba su taɓa ganin an ɗaura jinka a ƙasa, maza sun kewaye ta, an ɗaga gaba ɗaya an ɗora a kan bango ba, saboda haka ka nuna musu da teburin falo. Auta ya gwada ɗagawa shi kaɗai, sa'an nan kowa ya kama gefe. Daga nan ku karanta Karin Magana 15:22, cewa shiri yakan rushe in ba shawara. Bayan haka, sau ɗaya a mako, ka kawo wata magana ta gaske a gaban iyali: za mu je ƙauye da Kirsimeti ko mu aika kuɗin motar wa Kaka? Wa zai riƙa ɗebo ruwa, wa zai riƙa shara? A fara ji daga auta, a hau sama, don in babba ya fara magana ƙanana sai su ce haka ne. Kai ne za ka yanke, wannan bai canja ba, amma ka faɗi dalili, in kuma shawarar wani ka ɗauka ka ambaci sunansa. Ba kowace magana ake kawo wa yara ba, bashi da saɓanin miji da mata na ɗaki ne.

Shugabanci kuwa babban ya riga ya fara shi, ko ka naɗa shi ko ba ka naɗa ba, tunda yana da ƙanne biyu. Ka lura da yadda yake aiken su in ba kwa nan. In ka ji muryarka ce ke fita daga bakinsa, ka san inda ya ɗauko. Ranar da za ku karanta Yahaya 13, inda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, ka sa a ɗora ruwa a wuta, ka kawo daro da tawul, ka tsuguna ka wanke ƙafafun yaran da na uwarsu, ɗaya bayan ɗaya. Za su yi dariya da fari, auta zai janye ƙafa, ƙila babban ya sunkuyar da kai ya ƙi, kamar yadda Bitrus ya ƙi. Ka yi dai. Kada ka yi dogon bayani a daren, ku karanta Markus 10:42 zuwa 45 ku yi addu'a. Bayan wannan ka ba shi dare ɗaya a mako ya bi da sujada, ya zaɓi waƙa daga Littafin Waƙoƙi, ya yi tambaya, kai ka zauna cikin masu amsawa. Maman yara ma ta sami nata daren. Matar da ta hango ramin da ba ka hango ba tana da abin koyarwa a kan hikima.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Minti 15 zuwa 20 ya isa, labari ɗaya a dare, tambaya ta fi wa'azi yawa. A ajiye wayoyi a wani ɗaki, har da taka. In yaran sun fi sakewa da Turanci saboda makaranta, a karanta da shi, amma a maimaita babbar ayar da Hausa, domin da ita ake wa'azi da waƙa a yawancin majami'unmu, kuma tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshen. In tsohon juyi ne a gidanku, Karin Magana shi ne Misalai. Kada kuma ka mai da sujada kotu. Laifin da yaro ya yi da rana a yi maganarsa da rana, don in ya gane kowane nassi sanda ce da aka yanko dominsa, zai ƙi Littafin tare da sandar.

Kada ka sa ran bakin yaron zai buɗe a dare ɗaya. Wanda aka daka wa tsawa a gaban ƙannensa yakan ɗan jira ya ga ko haƙurin na gaske ne. Ka miƙa masa Littafi ya karanta, in ya karanta ya yi shiru ka ƙyale shi. Wata rana zai sake jefo maka tambaya mai zafi, da gangan ma, don ya gwada. In ka ji zuciyarka ta taso, ka ce masa, "Ba ni kwana uku." Ka kai maganar gaban Ubangiji, ka kai ta wurin uwarsa, in da hali ka kai wa wani dattijo a ikkilisiyarku wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, sa'an nan ka dawo masa da amsa a ranar da ka ce. In ba ka da irin wannan dattijo, ka nemo shi a watan nan, don yaron ya tambaye ka suna, ya kamata kuma ka iya ba shi.

Ka rubuto mini bayan wata guda in ji yadda kuka kwana. Ina yi muku addu'a. A gaishe mini da Maman yara da kyau.